Buhun Gawayi a Bayan Motar Dakta

Duk wanda ya saba bin titin Kano zuwa Katsina ya san wuraren da direba kan rage gudu. Da an wuce Tsanyawa an shigo ƙasar Katsina, sai garuruwan ƙaramar hukumar Kusada irin su Yashe da Gidan Mutum Ɗaya, kafin a kai Kankiya, inda ya rage saura kimanin kilomita 60 a shiga birnin Dikko. A bakin hanya, kamar kowane babban titi na Arewa, ga kayan miya, ga damman itace, ga buhunan gawayi an jingine. Masu tsayawa ciniki ba direbobin haya kaɗai ba ne. Da yammacin Lahadi akwai ma'aikatan da suka zo ganin gida suna komawa bakin aiki, cikinsu har da malaman jami'o'i da kwalejoji. Sai a ga mota da tambarin jami'a manne a gilashi, an buɗe but ana danna buhu. Ba mamaki mai motar shi ne zai tsaya gaban ɗalibai da safiyar Litinin yana bayanin illar sare itatuwa.

Dakta bai yi sata ba, kuma abin da zai faɗa a aji gaskiya ne. Gida gare shi, da yara masu jiran tuwo. Sai dai buhun nan ya taɓo wata tambaya da ta daɗe tana yawo a jami'o'in duniya: masanin da ya fi kowa fahimtar sauyin yanayi, me ya sauya a tasa rayuwar?

A Turai da Amurka rigimar a kan jirgin sama take. Malaman can mutane ne masu yawan zuwa taron ƙara wa juna sani, yau suna wannan nahiya, gobe suna waccan. A watan Disamban 2019 masana kimiyyar ƙasa da sararin samaniya kimanin 28,000 suka hallara a birnin San Francisco, aka lissafa hayaƙin kabon da zuwansu da komawarsu ya jawo, ya kama wajen tan 80,000, alhali da yawansu batun ɗumamar duniya suka je tattaunawa. Wasu sun ga abin da kunya. Farfesa Kevin Anderson na Jami'ar Mancesta a Ingila ya daina hawa jirgin sama tun 2004, har taro a Sin ta jirgin ƙasa ya je shi. A watan Oktoban 2023 wata cibiyar bincike ta birnin Kiel a Jamus ta sallami ma'aikacinta Gianluca Grimalda, saboda ya ƙi dawowa ta sama daga tsibirin Bougainville inda ya je aiki, ya ce shi ta ruwa da ta ƙasa zai biyo. Wani nazari da aka yi a Jami'ar British Columbia ta Kanada a 2019 kuma ya gano cewa yawan tashi sama bai ƙara wa malami yawan rubuce-rubucen da ake auna ƙwazonsa da su ba. Wanda ya fi shafar batunmu shi ne binciken da Shahzeen Attari da abokan aikinta suka wallafa a 2016. Sun nuna cewa idan mutane suka ji masanin da ke yi musu wa'azin tsimin makamashi shi kansa almubazzari ne, amincewarsu da shi tana raguwa, niyyarsu ta bin shawararsa ma ta ragu. Bahaushe ba ya bukatar mujalla ta gaya masa wannan. Ya san ƙimar malamin da ke faɗa ba ya aikatawa.

Matsalar ita ce mudun Turai ba ya awo a kasuwar Kankiya. A lissafin ƙasa da ƙasa, hayaƙin kabon da ke kan kowane ɗan Nijeriya daga ƙona fetur da gas da danginsu bai kai tan 1 a shekara ba, na Ba'amurke kuwa ya kai wajen tan 14. Nahiyar Afirka kakaf ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan sha'ani wani ne ya ja, wani yake jiƙewa. Malamin jami'ar Katsina ko ta Dutsinma kan yi shekaru bai taka filin jirgi ba, sai in ya dace hukumar TETFund ta ɗauki nauyin zuwansa taro. In ya samu ya je Landan ya dawo, tafiyar nan guda tana iya zarce hayaƙin shekara na ɗan ƙasarsa, gaskiya ne. To amma a ce masa ya ƙi zuwa, bayan takwarorinsa na can sun sha zuwa sun gaji, ai da wuya a kira wannan adalci.

Tsimin da ake gani a wajensa ma yawanci na dole ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Malamai da dama suka jingine motoci, aka koma haɗa kuɗin mai mutum huɗu a mota ɗaya, wasu suka koma babur. Farantan sola da suka bazu a rufin gidaje, rashin wuta da tsadar man janareto ne suka ɗora su, ba taron sauyin yanayi na Faris ba. Duk wannan ya rage hayaƙi, amma wanda ya ajiye mota don mai ya gagare shi, ranar da aljihu ya yi nauyi zai ɗauko abarsa. Kuma tsadar da ta sa shi ajiye motar ita ce ta kore shi daga gas. Da cika tukunya mai kilo 12.5 ya wuce naira 15,000 a wurare da yawa cikin 2024, gidajen da suka yi shekaru da barin gawayi suka kakkaɓe kurfoti. Buhun da ke cikin but daga nan ya samo asali. Kowane kilo guda na gawayin da aka ƙona a rami irin na gargajiya yakan ci kilo 5 zuwa 10 na itace, kuma masu sana'ar itatuwa masu ƙarfi irin su ƙirya da marke suke nema, waɗanda ba sa girma a shekara goma.

Mutanen Kankiya da Kusada ba baƙin wahalar yanayi ba ne. A ƙidayar 2006 Kankiya na da mutum kimanin 150,000, Kusada kusan 100,000, akasarinsu kuma gero da dawa da wake da gyaɗa ne rayuwarsu, a daminar da ba ta cika wuce wata huɗu ba. Kakanni sun bar labarin yunwar Kakalaba ta 1914. Dattawan yau sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu. Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita yana nazarin yunwa a ƙasar Hausa, ya fitar da littafinsa a kai a 1983. Abin da ya zo sabo shi ne ruwan ya rikice. Yakan makara, ko ya sauka a yi shuka sannan ya ɗauke mako biyu ko uku, in ya dawo kuma ya zo kamar da bakin ƙwarya. Wani bincike da aka wallafa a 2017 bisa hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna cewa manyan hadarurruka masu tsananin ruwa sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Jibiya ta ɗanɗana a watan Yulin 2018, lokacin da ambaliyar dare ɗaya ta kashe mutum fiye da 40. Zafi ma ya ƙaru. A azumin 2024 awon zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, masanan da suka bi diddigin lamarin kuma suka ce ba don ɗumamar duniya ba da bai kai haka ba.

Gwamnatoci sun yi alkawura, kuma Kankiya na cikin wuraren da aka yi wa mafi girma. A watan Yulin 2016 hukumar NBET mai sayen wutar lantarki a madadin gwamnatin tarayya ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanoni 14 da za su samar da megawat 1,125 daga hasken rana. Ɗaya daga ciki, na kamfanin Pan Africa Solar mai megawat 75, a Kankiya aka tsara kafa shi. Wurin ya dace: ga rana, ga fili, ga tashar rarraba wuta a kan babban layin Kano zuwa Katsina. Sai aka shiga ja-in-ja kan farashi. An sa hannu a kan santi 11.5 na dalar Amurka kowane yunit, daga baya gwamnati ta ce sai dai 7.5, ga kuma taƙaddama kan takardun lamuni. Shekara bakwai bayan sa hannun, babu ko ɗaya cikin ayyukan 14 da ya kunna ƙwan fitila. Can gaba kaɗan, a Lambar Rimi, akwai fankoki 37 na tashar iska mai megawat 10, wadda tunaninta ya samo asali a zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, shi ma tsohon malamin kimiyya. Aikin ya tsaya bayan sace wani injiniya Bafaranshe na kamfanin Vergnet a Disamban 2012, ya kuma ci fiye da shekara goma ana jan ƙafa. Ba duka aka taru aka lalace ba: a Satumban 2019 an ƙaddamar da tashar megawat 7.1 mai haɗa sola da batir da injin dizal a Jami'ar Bayero ta Kano.

Ta fannin itatuwa ma sunaye sun yi yawa. Akwai shirin dashen itatuwa na Katsina da Tarayyar Turai ta tallafa tun 1987. Akwai Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, wadda Katsina ke cikin jihohi 11 da ta shafa. Akwai shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021. A shekarar ce kuma Shugaba Buhari, ɗan jihar, ya sa hannu a dokar sauyin yanayi, ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow cewa Nijeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060. Irin wannan taro na Dubai a 2023 kuwa mutum 1,411 aka yi wa rajista da sunan Nijeriya, ko da yake gwamnati ta ce 422 kaɗai ta biya wa. Duk shekara ana bikin dashe, babban baƙo ya tsuguna ya sa bedi a rami, a ɗauki hoto. Kafin kaka ta wuce awaki sun yi nasu bikin.

Ga mai neman abin da ya yi aiki, hanyar Jibiya zai bi ya tsallaka Maraɗi, kimanin kilomita 100 daga Katsina. A farkon shekarun 1980 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya sha dasa itatuwa a can suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ake ɗauka ciyayi ne a gonaki, ana sassabe su duk shekara, ashe toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta biyo baya ba ta bukatar gandun reno ko bokitin ban ruwa. Manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, ya sassabe sauran, ya kare waɗanda ya bari. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Mutanen can suka raɗa masa suna sassaben zamani. Da hukuma ta sassauta dokar da ta mai da kowane itace mallakar gwamnati, manoma suka tabbata abin da suka rena nasu ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Masu nazarin hotunan sama sun ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. Rinaudo ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, amma hannun da ya riƙe gatarin na manoma Hausawa ne, masu harshe ɗaya da ƙasa iri ɗaya da mutanen Kusada.

Zamani kawai aka laƙaba masa, abin tsoho ne. Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin gawo, itacen da ke kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa shuka rana, ya yi kore da rani dabbobi su sha inuwa su bar taki. Geron gindin gawo daban yake da na fili. Kuka da ɗorawa da tsamiya da kanya kuwa kowacce da abin da take sakawa a tukunya, su kalgo da sabara su ba da itacen girki ba tare da an kashe su ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar fiye da shekara 20 a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi ta auna gonakin kewayen Kano a lokacin da ake hasashen birnin zai cinye itatuwan karkararsa. Ya tarar manoma na riƙe da itatuwansu duk da cunkoson jama'a, domin a wurinsu itace dukiya ce.

A nan ne halin malamin jami'a yake da nauyi, fiye da batun jirgi. Da wuya a sami ma'aikaci ɗan Kankiya ko Rimaye ko Kafin Soli ko Kusada da ba shi da gona a gida, ta gado ko ta saye. Da yake shi ne mai albashi, shi ne kan iya ɗauko tarakta. Tarakta kuwa ba ta shiri da kututture, direbanta so yake ya ga fili fetal. Sai a tumɓuke, a ƙone, a share, gonar ɗan boko ta zama mafi tsiraici a unguwar. Maƙwabta suna kallo. A ƙauye ba a karanta muƙalar Dakta, amma kowa ya san iyakar gonarsa, ya san irin da ya shuka da ranar da ya shuka shi. In ya kawo irin gero mai saurin nuna kamar SOSAT, ko waken da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar, baɗi za a zo roƙon iri. In ya bar gawo ashirin a gonarsa ya sa shanun huɗa suka kewaye su, wannan ma za a gani, a ce tun da mai ilimi ya bari, akwai dalili. In ya share, an sami hujja.

Bayan gona, madafa ita ce ta biyu, kuma maza ba su cika leƙa ta ba. Mafi yawan gidajen Nijeriya da itace ko gawayi suke girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a 2020 a faɗin duniya, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙar sa. Murhun duwatsu uku yana zubar da yawancin zafinsa a iska. Akwai murhunan tsimi, daga na laka da mata ke ginawa da hannu har zuwa na ƙarfe irin Save80, wanda ake haɗawa a Kano, aka kuma sa masa sunan don yana rage cin itace da kusan kashi 80 cikin 100. Tsadar saye ce kan hana talaka, wadda ba ta kai ta hana mai albashi ba. Malamin da gas ya gagare shi yana da zaɓi tsakanin buhu biyu a wata da buhu ɗaya. Kankiya kuma tana da makarantar koyon aikin lafiya, wadda ɗalibanta ke bazuwa asibitocin karkara bayan sun gama. Ma'aikaciyar lafiyar da ta ga murhun tsimi a gidan malamarta ta fi kusa da ta ambace shi ga mai jegon da ta kawo yaro yana tari.

Saura batun harshe, wanda ya fi ciwo. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana da cibiyar binciken makamashi mai sabuntuwa da aka sa wa sunan Ibrahim Shehu Shema. Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, da aka kafa a 2011, maƙwabciyar Kankiya ce, tana da tsangayar aikin gona. Bayero na da cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Duk shekara ɗalibai na shiga ƙauyuka da takardun tambayoyi, inda tsaro ya bari, su tambayi manoma yaushe ruwa ke sauka da, yaushe yake sauka yanzu. Manomi ya bar aikinsa ya amsa. Amsar ta koma Turanci, aka ɗaure ta da baƙin bango, aka jera a kanta. Shi da ya bayar ba ya sake jin ɗuriyarta. Laifin ba na malamin kaɗai ba ne, domin ƙarin girma a jami'a da muƙalar da ta fito a mujalla ake samun sa, babu makin da ake ba wanda ya zauna a ƙofar gidan dagaci ya yi bayani da Hausa. Ita kanta hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa, da kiyasin lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa. Tsakanin takardar da manomin Mawashi ko Kofa akwai tazara, kuma ɗan garin da ya iya karanta taswirar, wanda in ya yi magana bayan sallar Juma'a za a tsaya a saurara, shi ne ya fi kowa kusa da cike ta. Kuɗin hakan bai kai na buhun gawayi ba.

Ana yanke hukuncin itatuwan gona ne a watan Afrilu zuwa Mayu, lokacin sharar gona, kafin ruwan shuka. A lokacin Dakta yana birni, ga karatu ga tarin takardun jarrabawa, gonar tana hannun ƙaninsa. Waya ce za ta yi ƙara da daddare: "Yaya, gobe masu sassabe za su shiga. Tohon nan na gefen rafi, a tumɓuke ko a bari?" Yawanci amsar takan zo a gurguje, tare da alkawarin turo kuɗin 'yan ƙwadago ta waya, domin mai tarakta ya ce ranar Laraba zai zo.